Gidan haya a bayan Wunti da gidan haya a Jekadafari: abin da kuɗinmu ya saya mana a kowanne

Ƙanwar maigidana za ta tare bayan Babbar Sallah, angon kuma a wurin aikinsa an ba shi zaɓi, ko Bauchi ko Gombe. Tun da aka sa rana take kirana: "Anti, ke da kika zauna a duka biyun, ina ya fi daɗin zama?" Duk lokacin da na fara ba ta amsa sai katinta ya ƙare ban kai ko rabi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ita da duk wadda ke shirin kama haya a tsakiyar ɗaya daga cikin garuruwan nan.

Ba zan iya yi wa gari guda hukunci ba. Gidaje biyu na sani, na biya kuɗinsu, na share su, na yi jego a ɗaya daga ciki. Na farko yana cikin garin Bauchi, a wani lungu tsakanin Wunti da Bakin Kura, mun zauna daga Janairun 2019 zuwa Nuwamban 2022. Na biyu yana Jekadafari a Gombe, inda muke har yau. Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a gida, ina da keken ƙafa da injin wibin mai amfani da wuta, ga yara uku. Saboda haka abin da nake dubawa a gida shi ne ruwa, wuta, nisan kasuwa, da kuma wanda zan kira idan wani abu ya lalace.

Gidan Bauchi wani dattijon dillali ne ya samo mana shi, irin waɗanda ke zama a benci kusa da masallaci bayan la'asar. Bai nemi ko sisi ba sai da aka gama ciniki, sannan ya karɓi la'adarsa, kashi 10 cikin 100. Ciki da falo ne da banɗaki, kicin a waje, naira 120,000 a shekara. Ranar da muka je gani, gaskiya raina bai so ba. Tsohon gini ne, simintin ƙasa duk ya tsattsage, fentin ya koɗe, zauren kuma duhu ko da rana tsaka. 'Yan haya huɗu ne a ciki, sai mai gidan, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata, tana sashen gaba da jikokinta. Kowa Inna yake ce mata. A tsakar gidan akwai rijiya da murfin ƙarfe da kwaɗo, ga bishiyar darbejiya a gefe. Maigidana ya ɗaga murfin ya leƙa, ya ce min a hankali, "Maman yara, wannan gidan za mu kama." Ni lokacin fenti nake kallo.

Rijiyar nan ita ce rabin darajar gidan. Famfo yana zuwa, ruwan dam ɗin Gubi, a layinmu kamar sau biyu ko uku a mako, yawanci da dare. In ya zo mu tara na sha da na girki a randa da durom. Wanki da wanka da wanke-wanke kuwa duk rijiya. Daga ƙarshen Maris zuwa saukar ruwan sama takan ja baya, sai an ƙara wa guga igiya, ruwan ya ɗan yi jirwaye. A wannan lokacin Inna ke rufe ta da kwaɗo bayan isha'i, ta buɗe da asuba, ta tsaya da carbinta a hannu kowace mace ta ɗebi bokiti huɗu kafin wata ta ƙara. Ba wadda ta taɓa ɗaga murya a bakin rijiyar nan a gabanta. A kusan shekara huɗu, sau nawa na sayi ruwa a wurin 'yan ga-ruwa? Ba zai wuce lokacin sunan auta ba, da gida ya cika da baƙi.

Abin da ya sa har yau nake yi wa matar nan addu'a ya faru ne a watan Agustan 2020. Da misalin ƙarfe biyu na dare aka sako ruwa da iska, kwano ɗaya ya ɗage daidai saman inda nake jera kayan mutane. Na farka na ji ɗiga a kan leda, na haska fitilar waya, sai ga ruwa yana sauka a kan leshin wata amarya da ko yankawa ban yi ba. Ina ta kwashe kaya hannuna na rawa, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, da buhu a kanta, ta ji motsinmu. Ta ce, "'Yar nan, bar kuka, kwaso kayan mutane ki kawo ɗakina." A kan gadonta leshin ya kwana, ita ta kwana a tabarma. Gari na wayewa ta aika jikanta ya kira kafinta, kafin azahar an sauya kwano biyu an buga sabbin ƙusoshi. Da maigidana ya je da kuɗi a hannu ya ce, "Inna, ga gudummawarmu," sai ta ture hannunsa ta ce rufi nata ne, ba namu ba, mu dai mu riƙa biyan haya a kan lokaci.

Kada a ɗauka gidan ba shi da aibu. Yana da su, kuma wasu sun ci min tuwo a ƙwarya. Mitar wuta ɗaya ce ga gidan gaba ɗaya, karo-karo ake yi duk wata. Saboda ina da injin wibin da dutsen guga, sai wata maƙwabciyata ta fara yada magana cewa ni ke cinye katin kowa. Wata biyu muna gaisuwa sama-sama, har Inna ta tara mu a gindin darbejiya ta yanke cewa in riƙa biyan kaso ɗaya da rabi, in kuma koma gugar gawayi da daddare. Na yarda, hukuncin bai yi min zalunci ba, amma zaman ya riga ya yi tsami, bai koma kamar da ba. Ga rashin sirri: abin da kika dafa kowa ya sani, baƙon da ya zo kowa ya gani, in kun ɗan sami saɓani da maigida sai kun rage murya kamar masu raɗa. Ga kwatar lungun da ke toshewa da leda duk damina, sauro ya yi ta cin yara. Mota ba ta shiga lungun, ranar da muka zo da ranar da muka tashi duk a kura aka yi jigilar kaya zuwa bakin titi. Ɓeraye kuma daga wajen kasuwa suke zuwa, har zare suke ci.

Amma kasuwar nan da ke kawo ɓera ita ce ta riƙe min sana'a. In zare ya ƙare min ina tsakiyar ɗinki, in zif ya karye, hijabi kawai zan zura, minti goma na je Wunti na dawo, ban ba mai Keke Napep ko naira ba. Atamfa da shadda sai in gangara babbar kasuwa. Ranar Asabar kuma maigida ya ɗauke ni a babur zuwa Muda Lawal, mu yo doya da dankalin Turawa da kabeji da kayan miya, yawancinsu daga wajen Jos ake sauke su, da sauran raɓarsu. Jos ɗin ba nisa, shi ya sa kayan lambu a Bauchi suke da kyau da sauƙi. Sai masa. Duk wanda ya ce miki masar Bauchi suna ne kawai, bai ci ta bakin tanda ba. Akwai wata mata a bakin lungunmu da ke fara suya tun kafin a sallame asuba. Masarta fara ce tas, cikinta kamar soso, gefenta ya ɗan soyu, ta zuba miki miyar taushe ko ta barbaɗa ƙuli da mai. Yarana da ita suke karyawa kafin makaranta a ranakun da ɗinki ya hana ni hura wuta. Tun da muka bar garin ban sake cin irinta ba, kuma na nema.

Wani dare zazzaɓi ya rufe babban yarona har yana fizge-fizge, maigida ba ya gari. Ɗan Inna ne ya tura motarsa daga inda yake ajiye ta a bakin titi, cikin 'yan mintuna muna asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa. Wannan shi ne amfanin tsakiyar gari da ba a lissafa shi sai ranar da ake bukata. 'Yar uwata da ke can bayan Yelwa, gidanta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, amma in dare ya yi sai ta yi ta addu'ar kada wani ya yi ciwo.

A ƙarshen 2022 aka mayar da maigidana Gombe. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, kilomita 150 da 'yan kai, ta Dindima da Alkaleri, awa biyu da wani abu a motar Yankari Express ko Gombe Line. Garuruwan ma ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, jiha ɗaya suke tun 1976 har zuwa 1 ga Oktoban 1996 da gwamnatin Abacha ta cire Gombe. Na ɗauka zan tarar da komai iri ɗaya. Ban tarar ba.

Dillalin Gombe matashi ne, komai a waya yake yi. Ya turo mana bidiyon gidaje ta WhatsApp, ya ce kafin ya kai mu gani sai an ba shi naira 2,000 kuɗin zirga-zirga, ko mun kama ko ba mu kama ba. Gida na uku da ya nuna mana shi ne wannan. Ɗaki biyu da falo, kicin da banɗaki duk a ciki, tayil har bango, farin sili, tagogin gilas masu zugewa, ƙaton get, mita tamu mu kaɗai. Sassa uku ne a cikin katanga ɗaya, kowa da ƙofarsa. Naira 300,000 a shekara, ban da la'ada, ban da wasu 20,000 da aka ce na ajiya ne ko za mu ɓata wani abu. Mai gidan yana Abuja, ba mu taɓa ganinsa ba har yau, wani wakilinsa ne ke karɓar kuɗi ya ba da rasit. Na tambayi dillalin ruwa fa? Ya shiga kicin ya murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, ya nuna min baƙin tanki a kan ƙarfe a bayan gida. Na ce alhamdulillahi. A ranar na ji kamar an ɗaga ni daga ƙasa an ɗora a kan gado.

Kwana tara ruwan ya yi. Ranar na goma na murɗa famfo ya yi tari ya yi shiru. Na shiga sashen maƙwabciyata, wata Bafulatana da ta girme ni, Adda nake ce mata, na tambaye ta yaushe ake kawo ruwa. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ƙanwata, ba su faɗa miki ba? Tankar ruwa aka kira ta cika tankin nan saboda masu zuwa ganin gida. Famfon layin nan in ya zo sau biyu a wata mun gode Allah, kuma ba ya da ƙarfin hawa sama." Na koma ɗaki na zauna a kan tayil ɗin da ya ruɗe ni, na daɗe ban ce komai ba.

Maigida ya kira wakilin, ya ce masa shi ba a ce masa ya yi alkawarin ruwa ba, rasit ma ba a rubuta ruwa a ciki ba. Dillalin kuma ya daina ɗaga waya. Muka yi tunanin mu haɗa kuɗi da sauran 'yan haya a haƙa rijiya, aka kira wani mai haƙa ya zo ya duba. Ya ce mana a Bauchi dutse ne a ƙarƙashin gari, ruwan sama yana taruwa a samansa, shi ya sa gaba kaɗan ake haƙawa a tarar da ruwa, ko da zai ja baya da rani. A nan kuwa ƙasar yashi ce mai zurfi, ruwa yana can ƙasa sosai a unguwanni da yawa, sai bohol, shi ma mai zurfi, kuɗinsa ba na ɗan haya ba ne. Ruwan famfon garin daga dam ɗin Dadin Kowa ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 40, garin kuma ya yi girman da ba kowane layi yake kaiwa ba. Akwai unguwannin da suke samu sosai, na gani da idona a gidajen kwastomomina. Layinmu dai ba ya ciki.

To bari in yi miki lissafin da ya kamata in yi tun kafin mu biya. Kurar mai ruwa jarka 12 take ɗauka. Mu biyar, da wankin yara da na makaranta, kura ɗaya kwana biyu take yi mana, kuma da tattali, ruwan ɗaurayar wanki shi ke wanke banɗaki. Lokacin da muka zo kura naira 600 ce. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu bohol da ke tayar da janareto suka ƙara kuɗi, 'yan ga-ruwa ma suka ƙara. A bazarar 2024 na sayi kura 1,500. In na daidaita rani da damina a kan 1,200, kura 15 a wata, shekara ta kama naira 216,000. A shekarar ce kuma wakilin ya aiko da takarda cewa haya ta koma 450,000. Wato kusan rabin kuɗin haya muke ƙarawa a kai don mu sami abin da Inna ke ba mu da guga da igiya.

Ba kuɗin kaɗai ba, har da zaman jira. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi, mai ruwanmu ya ce shi ba ya da asusun banki, tsaba yake so. Akwai ranar da nake da kuɗi a waya sun fi dubu hamsin, amma babu naira ɗari shida a hannuna, babu ko kofi ɗaya na ruwa a durom, ga auta ta ɓata jikinta. Adda ce ta miƙo min bokiti biyu ta kan ƙofa, ta ce, "Riƙe wannan, in Bappan yara ya dawo da kuɗi sai mu kira kura biyu." A wurinta na koyi cewa "useko", wato "na gode" da Fillanci, na kuma yi ta faɗinta.

Sai zafi. Bauchi tana kan tudu, ga duwatsu kewaye da ita, ko a bazara dare yakan kawo iska. Gombe kuwa a cikin kwari take zaune, in kina shigowa daga hanyar Bauchi za ki ga garin a ƙasanki kamar an zuba shi a faranti. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, ban taɓa shan wuya irin ta wannan azumin ba. A nan na gane tagar gilas mai zugewa ado ce kawai: duk yadda kika buɗe ta, rabi ne a buɗe, rabi a rufe. Tsohuwar tagar katako ta gidan Inna, mai ganye biyu, in kika tura ta gaba ɗaya take buɗewa. Ga tsakar gidan nan an shafe shi da siminti kakaf, babu ko tsiro ɗaya, da rana ya sha zafi da dare ya amayo shi. Muna fitar da katifa waje, amma simintin kansa kamar tanda yake har ƙarfe ɗaya na dare.

Damina kuma da nata. Ruwa in ya sauko daga tudu yakan taho da yashi, wannan ce ta sa zaizayar ƙasa ta zama babbar matsalar garin, kwaruruka sun ratsa unguwanni, wasu an gina su da siminti wasu suna nan suna cin gidajen mutane. Mu ba ma bakin kwari, amma get ɗinmu ya fi titi ƙasa. Ruwan farko mai ƙarfi na 2023 ya shigo ta ƙarƙashinsa, ya cika tsakar gida, ya tsallako falo. Na ɗora keken ɗinki a kan tebur, ni da yara muna kwarfa da faranti har gari ya waye, yashin da muka kwashe ya cika baro uku. An kira wakilin sau bakwai, sai washegari da yamma ya ɗaga, ya ce mu gyara za a cire a kuɗin haya. Muka sayi siminti buhu biyu da bulo, aka ɗaga dokin ƙofa. Lokacin biya ya zo, ya ce Alhaji bai amince ba. Rasit ɗin simintin yana nan cikin jakata.

Duk da haka, in na ce Gombe ba ta yi min komai ba na yi butulci. Sana'ata a nan ta buɗe. Mitar nan tawa ni kaɗai ta ba ni kwanciyar hankalin da ban taɓa samu ba: in sa kati na dubu biyar, in kunna abin da na ga dama, ba mai yada min magana. A layinmu wutar ma ta fi zama fiye da ta lungunmu na Bauchi, har na iya sayen injin ɗinki mai wuta a shekara ta biyu. Titunan unguwa da kwalta, masu faɗi, Keke Napep yana sauke kwastoma a ƙofar gida, ba sai na aika yaro ya tarbo ta daga bakin titi ba. Garin a dunƙule yake, daga Jekadafari zuwa babbar kasuwa, zuwa Pantami, zuwa Tudun Wada wajen jami'ar jiha, duk hawa ɗaya ne ko biyu. Asibitin ƙwararru yana nan kusa da mu, na koyarwa na tarayya ma ba nisa.

Kuma garin kasuwanci ne na gaske. Jihar tana iyaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi, duka sauran jihohin arewa maso gabas, kowa ta nan yake ratsawa. A cikin kwastomomina akwai matan Biu, akwai 'yan Kaltungo da Billiri masu ɗinkin zuwa coci, akwai Barebarin da rikici ya taso da su suka zauna, masu son a yi musu riga ta ƙarƙashin lafaya. A Bauchi yawancin masu kawo min ɗinki 'yan unguwa ne, an san juna, sai a ce "rubuta, in maigida ya yi albashi", ke kuma kunya ta hana ki tambaya. A nan mace za ta kawo kaya ta tura rabin kuɗi nan take, ranar karɓa ta cika. Sallar bara sai da na ɗauki yarinya mai taya ni, na kuma rufe karɓar ɗinki tun goma ga azumi. Wannan yawan baƙin da ke kawo min ciniki, shi ne kuma yake tsadar da haya, na san da haka. Hatsi ma ya fi sauƙi. Maigida yakan je Tudun Hatsi bayan kaka ya yo mana buhun masara da rabin buhun wake, su kai mu wata da watanni. Kindirmon da 'yan matan Fulani ke kawowa ƙofar gida da hantsi kuwa, mai kauri ne har cokali ya tsaya a ciki.

Na sha tunanin abin da ya bambanta masu gidajen nan biyu, na ga ba halin mutum ɗaya ba ne kawai. Cikin garin Bauchi tsohon zama ne, tun zamanin Malam Yakubu da ya kafa garin ya kewaye shi da ganuwa fiye da shekara 200 da suka wuce, har yau ana kiran ƙofofin da sunansu, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Jahun. Gidajen gado ne, mai gida yana ciki, ya yanki wani sashe ya ba da haya. In rufi ya yi yoyo, a kansa ma yake zuba. Gombe ta yanzu kuwa sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarautar nan, bayan Gombe Abba da Nafada, babban girman da ta yi kuma bayan samun jiha ne. Tana da nata tsofaffin lungunan a kewayen fadar sarki, amma gidajen haya irin namu an gina su ne don su kawo kuɗi, mai su yana wani gari. Na tabbata a sabbin unguwannin Bauchi akwai irinsu, kamar yadda na tabbata akwai irin Inna a Gombe. Ni dai abin da ya faɗo min ke nan.

In maki zan ba su, gidan Inna 7 cikin 10, na cire uku saboda mita da kwata da rashin sirri. Gidan Jekadafari 4. Ginin ya fi, unguwar ta yi, maƙwabta na kirki, amma an ɓoye min gaskiyar ruwa, an ƙi biyan gyaran da aka yi alkawari, an ƙara haya da rabi ba a ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Dillalin Bauchi zan sake komawa wurinsa in yana raye. Na Gombe ba zan tura masa kowa ba.

Amarya ba ta da sana'ar da ke bukatar kwastoma, makaranta za ta ci gaba, don haka na ce mata in da hali su zauna Bauchi, su nemi gidan da mai shi yake ciki ko yake unguwar, amma su dage a kan mitarsu daban. In kuma Gombe ta kama, kada ta bari ango ya je ganin gida shi kaɗai da dillali. Ta je da kanta da rana tsaka ta ji zafin ɗakin, ta duba ko get ya fi titi ƙasa, ta tsaya a ƙofa ta ƙirga kurar ruwa nawa ke wucewa a layin, sannan ta yi sallama gidan da ke kusa ta tambayi matar gidan yaushe rabonsu da famfo. Duk abin da wakili ya ce za a cire a haya, a rubuta a bayan rasit ya sa hannu.

Mu hayarmu a Nuwamba za ta ƙare. Barin Gombe ba ya cikin lissafina yanzu, kwastomomina suna nan. Adda ta ji labarin wani gida a Bolari, tsohon gini, an ce mai shi tsohon malamin makaranta ne yana sashen baya, maƙwabcinsa kuma yana da bohol mai sola da ya ja wa gidaje uku. Ranar Asabar za mu je ni da ita, bayan azahar, in rana ta take.